An hana jaririyata nono kwana goma a kwalba: yunwa ce ko magani?

Tambaya: "Likita, maiɗakina ta haifi bakwaini, sati 29 in ji su, mace, nauyinta kilo ɗaya da giram 200. Tana kwalba. Ana ba ta nonon uwarta ta robar hanci, wani lokaci a cika da madarar gwangwani don nonon bai kawo sosai ba. Ranar da ta cika kwana 13 cikinta ya kumbura, aka ga jini a kashinta. Sun ɗauki hoto, suka ce ciwon hanji ne, suka tsayar da abinci gaba ɗaya, wai sai bayan kwana goma. Mahaifiyata ta ce yunwa za su kashe yarinyar da ita, kuma nonon uwar ne ba shi da kyau. Ni na rasa wanda zan bi."

Allah ya raya, ya ba ta lafiya, ya ba mai jego juriya. Malam, bari in fara sauke maka abin da ya fi nauyi. A kwanakin nan hana ta abinci shi ne babban maganin da ake yi mata, tare da allurar da kake gani ana ɗura mata. Nonon uwarta kuma ba shi ya jawo ciwon ba. A duk abin da likitanci ya sani zuwa yau, babu abin da ya kai shi kare bakwaini daga wannan ciwo. Hajiya tausayi ne ya sa ta magana, tausayin kuma yana kan hanya, sai dai abin da ta ɗora wa laifin shi ne wanda ya kamata a riƙe da hannu biyu.

Idan ka leƙa fayil ɗin yarinyar za ka ga haruffa uku, NEC. Ma'anarsu kumburin hanji mai kai wa ga ruɓewar bangonsa. Kusan tara cikin goma na jariran da ke kamuwa da shi bakwaini ne, kuma iya ƙanƙantar jariri iya haɗarinsa. A ƙasashen da ke ajiye ƙididdiga da kyau, cikin jarirai ɗari da aka haifa ƙasa da kilo ɗaya da rabi, wajen bakwai kan kamu. Ba baƙon ciwo ba ne a wurinmu, domin ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya sa Najeriya ta uku a duniya wajen yawan haihuwar bakwaini, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai wajen 774,000 a shekarar.

Me ya sa hanji? Ka san ɗanyar tukunya, wadda maginiya ta gama ginawa amma ba a kai ta wuta ba. Siffar tukunya ce sak, amma zuba mata ruwa ka gani. Hanjin ɗan sati 29 haka yake. An tsara shi ya ƙara sati goma sha ɗaya yana haɗiyar ruwan faya kawai, a wurin da ƙwayoyin cuta ba su da zirga-zirga. Ƙwayoyin da suka jeru suka yi bangonsa ba su gama manne wa juna ba, akwai kafofi tsakaninsu. Yauƙin da ke shafe cikin hanji yana kare shi bai yi kauri ba. Murɗawar da hanji ke yi ya tura abinci gaba ba ta daidaita sai wajen sati 34, saboda haka madara kan tsaya wuri guda ta daɗe, bakteriya su samu wurin biki. Ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da bangon su ma ba su iya buɗewa da rufewa yadda ya kamata ba tukuna.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan ban mamaki. A bangon hanji akwai wani mai gadi da masu bincike suke kira TLR4, aikinsa gane bakteriya ya yi kururuwa. David Hackam, likitan tiyatar yara da ke Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa wannan mai gadi ya fi yawa a hanjin bakwaini fiye da na wanda ya cika watanninsa, saboda a cikin mahaifa yana da wani aikin na daban wajen gina hanjin. Da aka haifo jaririn kafin lokaci, sai bakteriya suka shigo suka tarar da gida cike da 'yan gadi masu ɗoki, waɗanda ba su san bambancin baƙo da ɓarawo ba. Kururuwar da suke yi ita ke tayar da kumburi, kumburin ya tsuke jijiyoyin jini, bango ya rasa jini, ya fara mutuwa, bakteriya su ƙara kutsawa. Wato rabin ɓarnar jikin yarinyar ne ke yi wa kansa, garin kare kai. Wurin da abin ya fi faɗa wa shi ne ƙarshen ƙaramin hanji da farkon babba.

Wannan ne ma ya sa ciwon yake zuwa a lokacin da ya fi cin rai. Ba ranar haihuwa yake zuwa ba. Sai an wuce fargabar numfashi, an fara ganin nauyi yana hawa, dangi sun fara cewa an tsallake, sannan a sati na biyu ko na uku ya buga ƙofa. Kwana 13 da ka faɗa daidai lokacinsa ne. Sai bakteriya sun zauna a hanji kuma abinci ya yi yawa kafin rigimar ta tashi.

Mu a ɗakin jarirai nas ce kan fara gani kafin likita. Takan zo ta ce yau yarinyar nan ba ta yi mata ba. Jiya tana wutsil-wutsil, yau ta yi laƙwas. Tana mance numfashi, na'ura tana ƙara, sai an taɓa tafin ƙafarta ta ja iska. Kafin a ba ta madara, nas ta sa sirinji a bakin robar ta zuƙo don ta ga abin da ya rage a ciki, sai ga wanda aka ba ta awa uku da suka wuce yana nan, ya koma kore kamar ruwan ganye. A ɗauko tef irin na tela a zagaya cibiya, a ga ya ƙaru da santimita biyu a kan na safe. Fatar cikin ta yi sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, ka taɓa ta ɗaure fuska. Sai jini a kashi, wani lokaci ɗan zare ne kawai a jikin famfas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai yana iya zama wani abu, don injin taimakon numfashi ma yana cika ciki da iska, ɗan tsagewar dubura ma tana kawo jini. Haɗuwarsu ce ke sa a kira mai hoto.

A hoton kuma abu guda muke nema. Iska a cikin hanji ba komai ba ce, kowa yana da ita. Iska a cikin naman bangon hanji ita ce shaidar. Bakteriyar da suka kutsa bangon suna cin abin da suka samu, suna fitar da iska, sai ta fito a hoto kamar ƙananan kumfa jere, ko siririn baƙin layi da ya bi gefen hanji. Tun 1978 wani likitan tiyata, Martin Bell, ya kasa ciwon mataki uku, aka gyara rabon a 1986, kuma da shi ake aiki har yau. Na farko zargi ne, akan tsayar da abinci kwana biyu ko uku a gani. Na biyu an tabbatar da hoto, akan huta da hanji kwana 7 zuwa 14. Na uku shi ne jiki ya rikice ko hanji ya huje. Kwana goman da aka yanka muku ya yi kama da mataki na biyu. Ka tambaye su kai tsaye wane mataki take, haƙƙinka ne, kuma likita ba zai ji haushi ba.

To me ya sa ba za a ɗan ba ta ko cokali ɗaya ba? Saboda duk abin da ya shiga hanji aiki ne. Hanji zai murɗa, zai nemi ƙarin jini, ga shi jinin ne ya yi masa ƙaranci. Madarar kuma abincin bakteriyar ce, su ci su ƙara iska, iskar ta ƙara miƙe bangon da ya riga ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Wanda ya karye a ƙafa ba a ce masa ya ɗan taka don kada ƙafar ta mance tafiya. Robar da ke hancinta ko bakinta yanzu aikinta ya juya, da ta nan ake zubawa, yanzu ta nan ake kwashe iska da koren ruwa don ciki ya saki. Ana ba ta magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, galibi biyu ko uku a haɗe, irin su amfisilin da jentamaisin da metronidazol. A kwanakin farko za ka ga ana maimaita hoto, wani lokaci duk awa shida ko takwas, ana ɗibar jini ana duba ƙwayoyin da ke daskarar da jini, don faɗuwarsu alama ce ta cewa abu yana ci gaba. Ba neman kuɗi ba ne. Hujewar hanji ake tsaro, kuma a kwana biyu ko uku na farko ta fi faruwa.

Ka gaya wa Hajiya ba da yunwa aka bar jikarta ba. Ruwan da ke ɗiga ta jijiya akwai sukari da gishirin jiki a ciki, an auna su da nauyinta. Inda hali ya yi akan ƙara sinadarin gina jiki da na maiƙo, a yi mata cikakken abinci ta jijiya. Gaskiya wannan cikakken haɗin yana da tsada, ba kowane asibiti a ƙasar nan ke da shi ba, don haka ka tambaya me ke cikin ledar da aka rataya mata, kuma ko akwai abin da za a iya ƙarawa idan ka sayo. Za ta iya ramewa a kwanakin nan. Rama ana mayar da ita. Hanjin da ya ruɓe yanke shi ake yi.

Mu dawo kan nono, don nan ne nake so maganata ta zauna. A 1990 wasu masu bincike biyu a Ingila, Alan Lucas da Tim Cole, suka fitar da sakamakon bin diddigin bakwaini 926. Waɗanda aka ba madarar gwangwani zalla sun kamu da wannan ciwo ninki shida zuwa goma a kan waɗanda suka sha nono zalla, kuma ninki uku a kan waɗanda aka haɗa musu biyun. Dubi wannan na ƙarshen da kyau: ko rabin nono ya rage haɗari. Binciken da ya biyo baya shekara talatin da wani abu bai rushe wannan ba. Nono yana ɗauke da garkuwar da jikin uwa ya haɗa, wadda ke shafe cikin hanji kamar yaɓe. Akwai wani sinadari da ke ƙwace ƙarfen da bakteriya ke buƙata su hayayyafa. Akwai wasu nau'o'in sukari da jaririn ba ya narkar da su sam, an yi su ne don ciyar da bakteriya masu amfani. Akwai kuma masu sa bangon hanji ya girma, da masu kwantar da wancan mai gadin mai ɗoki. Nonon wadda ta haifi bakwaini ma ya bambanta da na sauran mata a makonnin farko, ya fi furotin da garkuwa. Dakashin nan mai kauri, rawaya, da kakanninmu ke cewa datti ne a tatse a zubar, shi ne mafi tsada a ciki. Na sha tsayawa da sirinji ƙarami a hannu ina kama shi ɗigo-ɗigo daga mai jego, rabin mililita ma ba ma bari ya zube.

Kada kuma wannan ya sa ka juya kan ma'aikatan da suka cika mata da madara, ko maiɗakinka ta ɗauka gazawarta ce. Jaririn da nono bai ishe shi ba dole a ba shi wani abu. Akwai bakwainin da bai taɓa ɗanɗana madarar gwangwani ba kuma ya kamu. Tushen ciwon haihuwa kafin lokaci ne, saura duk ƙari ne ko ragi.

Abin da nake jin tsoro ya fi madarar. Idan tsohuwa ta gamsu cewa ana kashe jikarta da yunwa, wata rana sai ta shigo da ɗan ƙullin abu a bakin zane. Na taɓa buɗe kwalba da asuba na tarar da leɓen jariri da danƙon dabino, kakarsa ta shafa masa da dare don albarka. Niyyarta fara ce tas. Amma bauri, rubutu, ruwan zamzam, zuma, dabino, nonon akuya, ruwan ɗumi, babu wanda zai shiga bakin yarinyar nan yanzu. Zuma ma ko lafiyayyen yaro ba a ba shi sai ya shekara. Kada ka yi wa Hajiya gardama a gaban surukarta, ba za ka ci riba ba. Ka roƙi likitan ya ba ku minti biyar, ka kawo ta, a ɗaga mata hoton a nuna mata kumfar da idonta. Tsofaffi sukan yarda da abin da suka gani. Sannan a ba ta aiki: ta tsaya bakin kwalba ta yi addu'a iya son ranta, ta kuma ɗauki nauyin cin mai jego da shanta.

Don babban aiki yanzu yana wurin mai jego. Kwana goma ba a karɓar nono, ga tashin hankali, ga maganar cewa nononta ne ya yi ɓarna. Idan aka yi sake, ranar da likita zai ce a kawo mililita biyu sai a tarar ya ƙafe, a koma gwangwani a daidai lokacin da hanjin ya fi buƙatar nono. Nono kamar rijiya yake, ɗiba ke sa shi kawowa. Ta riƙa tatsa aƙalla sau takwas a kwana, har da sau ɗaya cikin dare, hannu a wanke da sabulu, a mazubi mai murfi da aka tafasa. Ta tambayi nas yadda ɗakin ke ajiya. Idan akwai firiza mai tsayayyar wuta a rubuta rana a daskarar. Idan babu, ko zubarwa za a yi ta ci gaba da tatsa, don rijiyar ake tsaro. Tatsa a gefen kwalba tana kallon 'yarta ta fi kawo ruwa. Kuma a nan zan roƙi alfarma: maganar tafiya gida wankan jego a ɗaga ta, ko a shirya yadda za ta yi wankan kusa da asibiti. Idan aka ɗauke ta zuwa wani gari kwana arba'in, an raba yarinyar da maganinta.

Idan duk da haka nonon bai isa ba, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so bayan na uwa shi ne nonon wata mace. A wasu ƙasashe akwai ma'ajiyar nono, inda ake gwada masu bayarwa a dafa nonon sama-sama a adana. Kenya ta buɗe tata a asibitin haihuwa na Pumwani da ke Nairobi a 2019. A wurin Musulmi akwai batun 'yan'uwantakar shayarwa, shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985 ta hana irin ma'ajiyar da ake gauraya nonon matan da ba a san su ba. Amma shayar da ɗan wata a san wadda ta shayar, wannan tsohon abu ne a addini da al'adarmu. Idan akwai 'yar'uwa mai shayarwa da ta yarda, a gaya wa likita, a yi mata gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sauransu, iyalai biyu su sani, a rubuta a ajiye saboda gaba. Kada a yi shi a ɓoye.

Ba zan rufe ka ba, ciwon yana kisa. Cikin waɗanda aka tabbatar suna da shi, biyu zuwa uku cikin goma ba sa tashi, ko a asibitocin Turai, kuma adadin ya fi haka ga mafi ƙanƙanta da waɗanda aka kai ga yi wa aiki. Amma juya lissafin ka gani, mafi yawa suna warkewa, da yawansu ba tare da wuƙa ba. Wajen ɗaya cikin uku ne kan buƙaci tiyata. Idan hanji ya huje, ko dai a sa 'yar roba a gefen ciki ta tsiyayar da ƙazanta, ko a buɗe a yanke ruɓaɓɓen, sau da yawa a fito da bakin hanji ta fatar ciki kashi ya riƙa fita ta nan na wasu makonni kafin a mayar a haɗe. Tambayar da za ka yi yau, ba ranar da abu ya ɓaci ba, ita ce: akwai likitan tiyatar yara a nan? Idan babu, ina za a tura mu, da wace mota, da iskar oksijin ko babu? Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri suna da sashen. Ka kuma tanadi wanda zai ba da jini tun yanzu.

Wasu za su kawo maka shawarar maganin bakteriya masu amfani da ake sayarwa a kemis. Akwai shaidar cewa wasu nau'o'insa na rage kamuwa, amma rigakafi ne, ba a ba wanda ciwon ya riga ya kama, kuma a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wani bakwaini ya rasu da ƙwayar da ke cikin irin wannan magani ta shiga jininsa. Ka bar wa likitocinta. Haka maganin rage tsamin ciki, yana ƙara haɗarin ciwon a bakwaini, kada wani ya kawo shi don an ga tana tumbuɗi. Saboda gaba kuma, idan naƙuda ta sake tasowa kafin sati 34, a garzaya asibiti da wuri don a yi wa uwar allurar deksametason. Gwajin da aka yi a ƙasashe biyar har da Najeriya, aka fitar a 2020, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini, kuma an daɗe da sanin tana taimakon hanji kamar yadda take taimakon huhu.

Ranar da cikin ya saki, koren ruwa ya daina fitowa, hoto ya yi kyau, za a fara da abin da zai ba ka dariya, mililita ɗaya ko biyu duk awa biyu ko uku, ana ƙarawa ana kallon ciki. Wata rana a ci gaba, wata rana a koma baya, kada ranka ya ɓaci. Da zarar sun ba da izini, uwar ta ɗora ta a ƙirji fata da fata a ɗaure da zane, irin goyon da ake kira na kangaru. An gwada fara shi tun daga haihuwa a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Ile-Ife, sakamakon 2021 ya nuna mutuwar ƙananan jarirai ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Kai ma ƙirjinka yana yi, ku riƙa karɓa-karɓa.

Bayan an sallame ku akwai abu guda da za ka riƙe a rai. Wurin da ya warke a hanji yakan yi tabo ya tsuke, kuma wannan kan bayyana ne makonni bayan ciwon, sau da yawa sati huɗu zuwa shida, lokacin kuna gida. Idan cikinta ya sake kumbura, ko ta yi amai kore, ko kashi ya tsaya, ko jini ya dawo, ko ta ƙi ƙara nauyi, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya kemis. A ɗauko takardar sallama a koma inda aka kwantar da ita, ka ce wa wanda ka fara tararwa yarinyar nan ta yi NEC. Ranakun awo da na duba ido da ji da girman kai da za a rubuta muku kuma ku je dukkansu, ko da tana wasa lafiya lau.